Tsohuwar banjolele: sunan da ke goshinta da shaidar da ke cikinta

A kasuwar tsofaffin kayan kiɗa ta Amurka da Ingila akwai wata 'yar ƙaramar aba mai tsirkiya huɗu da ake kira banjo-ukulele, wasu su taƙaita su ce banjolele. Cikinta zagayayye ne, an ɗaure shi da fata irin ɗaurin ganga, wuyanta kuwa gajere ne irin na ukulele, wato 'yar ƙaramar gita mai tsirkiya huɗu, duka-duka tsawonta bai cika kai ƙafa biyu ba. Sai a fito da guda biyu a gwanjo rana ɗaya, dukansu sun doshi shekara ɗari, dukansu da tsatsa a ƙarfe da baƙi-baƙin yatsu a fata, amma ɗaya ta tafi a 'yan kuɗi ƙalilan, ɗaya kuma a yi ta ɗaga hannu har a haura fam dubu. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗauka sunan da ke rubuce a goshinta ne ya raba su. Shi ya sa idan ya shiga saye sunan yake fara nema, in ya gani hankalinsa ya kwanta, in bai gani ba ya yi gaba.

Ni kuwa a wurina, cikin duk shaidun da ke jikin tsohuwar banjolele babu mai rauni kamar sunan nan. Sau da yawa abin da yake gaya maka shi ne wanda ya sayar da ita, wanda ya ƙera ta kuwa yana can gefe ba a ambace shi ba. Kafin a gane dalili sai an koma ga yadda abar ta samo asali da yadda aka yi cinikinta.

Jini biyu ne suka haɗu a cikinta. Na farko shi ne banjo, wadda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka ƙera a tsibiran Karibiyan da Amurka da ƙwarya da fata da sanda. Masu bincike kan danganta ta da kayan kiɗa irin su akontin na mutanen Jola a yankin Senegal da Gambiya, da ngoni na ƙasar Mali. Duk wanda ya taɓa kallon gurmi ko kuntigi ko molo da kyau ya riga ya san tushen aikin: tsirkiya ta bi ta kan jaki, wato ɗan abin da ke tokare ta, jaki ya zauna a kan fata, fata ta ɗauki girgizar ta mayar da ita amo. Jini na biyu shi ne ukulele. A 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal a Honolulu, a cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, kuma daga 'yan ƙananan gitocin ƙasarsu ne ukulele ta fito. Ta yi shekaru a Hawai kafin bikin baje kolin duniya da aka yi a San Francisco a 1915 ya jefa ta cikin zuciyar Amurkawa.

Sai dai ukulele tana da naƙasu ɗaya: muryarta ƙasa-ƙasa ce. A wancan zamani ba lasifika a dandalin wasa, kuma kafin 1925 ana ɗaukar faifai ne ta hanyar kaɗa wa wani babban mazurari kiɗa kai tsaye, wanda muryarsa ta fi ƙarfi shi ke fita. Mafita ita ce a ɗauki wuyan ukulele a dasa shi a jikin banjo. Mafi daɗewar waɗanda aka sani sun fito ne a wajen 1917 daga hannun mutum biyu, John Bolander da Alvin Keech. Daga nan abin ya zama yayi. Ta yi arha, ba nauyi, yatsa ɗaya ko biyu sun isa a fitar da kiɗa, ga ta da tsiwa a cikin taro. Shekarun 1920 su ne lokacin damunarta, kuma yawancin waɗanda ake tarawa yau daga nan suka fito zuwa ƙarshen shekarun 1930.

To, a nan ne ruɗanin suna ya samo asali. Masana'antun da ke ƙera su da yawa ba su kai yawan sunayen da ke yawo a kasuwa ba, ko kusa. A birnin Chicago akwai Harmony da Regal da Slingerland da Stromberg-Voisinet da Lyon & Healy. A Jersey City akwai Oscar Schmidt, a Brooklyn akwai Gretsch, a New York akwai William Lange. Waɗannan su ke aikin, su tura kaya buhu-buhu ga manyan dillalai da kantunan da ke sayarwa ta gidan waya, kowane dillali ya manna nasa tambarin. Kwatankwacin yadda shinkafa ɗaya ke fitowa daga injin casa ɗaya amma a ɗura ta cikin buhuna masu suna daban-daban. Kamfanin Sears, wanda ya sayi Harmony a 1916, yana sayar da kayansa da sunan Supertone. Slingerland na amfani da May Bell. Gretsch na da Clarophone. Oscar Schmidt na da Stella da Sovereign da La Scala, daga baya kuma Stella da Sovereign suka koma hannun Harmony, don haka ganin Stella kaɗai bai gaya maka ko daga Jersey City take ko daga Chicago ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na S.S. Stewart. Mutumin nan shahararren maƙerin banjo ne a Philadelphia, sunansa na da nauyi har gobe. Ana samun banjolele masu ɗauke da sunansa, kuma ana samun mai sayarwa ya kafe a kan sunan don ya tsuga kuɗi. Amma Stewart ya rasu a 1898, kusan shekara ashirin kafin a ƙera banjolele ta farko. Sunan ne ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin dillalan Buegeleisen & Jacobson na New York, su kuma suka riƙa ba wasu masana'antu aiki suna sa shi. Abar na iya zama mai kyau, wasunsu ma suna da kyau ƙwarai, amma kyanta ba daga hannun Stewart ya fito ba, kuma bai kamata a biya kuɗin hannunsa ba.

Saboda haka mai tarawa na gaske yakan fara da tambayar da ta fi sauƙi: shin ma banjolele ce? A zamanin akwai banjo-mandolin mai tsirkiya takwas, girmansu ya yi kusa. Da kasuwarta ta mutu sai mutane suka riƙa toshe huji huɗu daga cikin takwas da ke kai, su shafe da fenti, su ce ga banjolele. Idan ka karkata kan zuwa haske za ka hangi zagayen toshiyar a ƙarƙashin fentin, kuma kan yakan yi tsawo fiye da bukatar kunnuwa huɗu, wato maɓallan da ake murɗawa a ja tsirkiya. Akwai kuma banjo mai suna teno, ita ma tsirkiya huɗu, amma wuyanta ya fi tsawo, fatarta kan kai inci goma sha ɗaya, kuma da waya aka yi ta. Ita banjolele ta asali fatarta kan tsaya tsakanin inci shida zuwa takwas, tsawon tsirkiyarta daga bakin wuya na sama zuwa jaki kuma wajen inci goma sha uku ne, ko sama da haka kaɗan. Ma'auni na tela ya isa ya raba wannan gardama.

Bayan nan sai a juya ta rub da ciki, don labarin yana baya. Idan tana da marfin baya, ka kwance shi a hankali, galibi sukuru ɗaya ne a tsakiya ko 'yan kaɗan a gefe. Ƙura da warin tsohon katako za su fara tarbarka. Ka haska tocila. Za ka ga wata sanda ta katako mai kusurwa huɗu ta taso daga gindin wuya ta ratsa cikin zagayen har ɗaya ɓangaren. Wannan sanda ita ce wurin da maƙera da yawa ke buga sunansu na gaskiya ko lambar aiki, wani lokaci da ƙarfe mai zafi, wani lokaci da fensir kawai. Ka duba ko lambar da ke kan sandar ta yi daidai da wadda ke jikin zagayen, idan akwai. In sun saɓa, akwai yiwuwar wuyan wata ne aka aura wa cikin wata, abin da ke faruwa da yawa a hannun masu gyara. Ka duba kaurin katakon zagayen, ka ƙirga faifayen da aka manna aka yi shi. Siriri mai faifai ɗaya ko biyu alamar kayan arha ce, mai kauri da nauyi alamar an kashe kuɗi. Ka ƙirga ƙugiyoyin da ke jan zoben fata. Na arha kan zo da shida ko takwas, na manya kan kai goma sha biyu zuwa sha shida. Ka sa ɗan maganaɗisu a jikin ƙarfen: in ya manne caɓ, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, in ya zame, tagulla ce a ƙasa, kuma tagulla ita ce ta masu tsada.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne siffar ƙananan abubuwa. Yadda aka yanka goshin kai, yadda dunduniyar wuya ta lanƙwasa, siffar notin da ke ƙasan ƙugiya, ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a gindi. Kowace masana'anta tana da injinta da mazubinta, kuma dillali na iya sauya tambari amma ba ya sauya mazubi. Shi ya sa masu tarawa ke bin tsofaffin littattafan talla na dillalai shafi-shafi, suna gwada hoto da abin da ke hannunsu. Aiki ne mai cin rai, amma da shi ne ake gano cewa wata marar suna da aka yi wa kallon banza ta fito ne daga benci ɗaya da wata mai suna da ake rububi.

Akwai gidaje biyu a Amurka da sunansu da aikinsu suka tafi tare, kuma su ne kan gaba a kasuwa. Na farko Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan. Jerinsu ya tashi daga UB-1 zuwa UB-5. UB-1 ita ce ƙarama, fatarta inci shida. UB-2 da UB-3 inci takwas ne, bayansu faifan katako ne shimfiɗaɗɗe da aka ɗaura da 'yar tazara don sauti ya samu hanyar fita, bambancinsu ya fi yawa a ado. UB-4 da UB-5 su ne na ƙawa, masu marfi mai zurfi, kuma ba su da yawa. A na shekarun 1920 rubutun kai yakan zo da "The Gibson", daga baya aka yar da kalmar farko aka bar Gibson kaɗai, wannan kuma na taimakawa wajen sanin zamani. An san gidan da amfani da sandar ƙarfe a ciki maimakon ta katako, kuma sukan buga lambar rukunin aiki a cikin zagayen. Tun da rubutun kai abu ne da mai hannu zai iya kwaikwaya, waɗannan na ciki su ne abin dogaro.

Na biyu Ludwig na Chicago, kuma labarinsa ya fi taɓa zuciya. 'Yan'uwa biyu, William da Theobald Ludwig, suka kafa shi a 1909, sana'arsu ganguna. Da kamfanin ya shiga ƙera banjo a shekarun 1920 sai ya zo da basirar maƙeran ganga: cikin na ƙarfe ne, nauyi gare shi, ana ɗaure fatar ta sama ba sai an cire marfi ba. Wadda aka fi sani ita ce mai ɗauke da sunan Wendell Hall, mawaƙin rediyo da ya yi tashe a lokacin. Idan ka ɗaga ta, nauyin kaɗai zai ba ka mamaki a kan ƙanƙantarta, in ka kaɗa kuma sautin ya fito a bushe, a tsaye, ba ja. Masu tarawa har siffar hujojin da ke kewayen ƙarfen marfi suke dubawa, musamman masu kama da kambin sarauta. Amma kamfanin ya zuba jari a banjo daidai lokacin da yayinta ya fara gushewa, ga karyewar kasuwa ta 1929, sai aka sayar da shi ga kamfanin kayan kiɗa na C.G. Conn. 'Yan shekaru kaɗan suka yi suna wannan aiki. Ƙarancin da ingancin su suka haɗu suka ɗaga farashin, ba suna kaɗai ba. Bayan waɗannan biyu akwai Bacon na Groton da Weymann na Philadelphia da Vega na Boston, duk aikinsu na kirki ne.

A Amurka yayin ya mutu tare da shekarun 1920, amma a Ingila sai ya sake sabon rai, kuma dalilin mutum ɗaya ne. Kafin shi, Alvin Keech da ɗan'uwansa Kelvin sun riga sun koma Landan sun kafa kasuwa da sunan Banjulele. Nasu na da sauƙin ganewa, domin gangar tana zaune ne a cikin akwatin katako rufaffe, kuma akan samu sa hannun Alvin a baya. Amma wanda ya mayar da abar ta kowa shi ne George Formby, ɗan garin Wigan, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1961. A ƙarshen shekarun 1930 babu ɗan wasan barkwanci da ya kai shi kasuwa a Birtaniya, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya bi sojoji fagen daga yana yi musu wasa. Salon hannunsa na dama, mai sauri da tsinkewa, yana bukatar abar da ke amsawa nan take, shi ya sa ya riƙe Ludwig da Gibson UB-3 da Abbott Monarch, wadda J.G. Abbott na Landan ya ƙera. Har yau waɗannan uku su ne mafarkin duk mai bin salonsa, kuma da yawa daga cikin Ludwig da aka ƙera a Chicago sun ƙetare teku sun koma hannun Turawan Ingila saboda haka. Ƙungiyar masoyansa, George Formby Society, an kafa ta a 1961, tana taronta a Blackpool, kuma George Harrison na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ya kasance ɗaya daga cikin 'ya'yanta.

Sunan Formby shi ne babban tarko a kasuwar Ingila. Kamfanin John E. Dallas & Sons na Landan ya fitar da jeri mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa, daga samfurin A zuwa E, A ce mafi arha, E ce ta ƙoli. An yi su da yawa ƙwarai, har ana samun su a ɗakunan ajiya na gidaje barkatai. Sai magada su ga sa hannun a goshi su ɗauka kakansu ya mallaki abin da Formby ya riƙe da hannunsa. Sa hannun na masana'anta ne, yana kan kowace. Abin da za a duba shi ne harafin samfurin da ke tare da lambar, don tsakanin A da D akwai tazara mai nisa a aiki da kuɗi. Shi kansa Dallas yana da wani sunan, Jedson, kuma masana na danganta yawancin aikin da George Houghton & Sons na Birmingham, gidan da ya ƙera wa dillalai da dama kaya. Haka John Grey & Sons, wanda kunne zai ɗauka wani dattijon maƙeri ne da 'ya'yansa, suna ne na kasuwanci a hannun Barnett Samuel, daga baya ya koma Rose Morris. Windsor na Birmingham kuwa masana'anta ce ta gaske, ruwan bama-bamai na 1940 ne ya kawo ƙarshenta.

Waɗanda Formby ya mallaka da gaske suna nan, kuma ba ɗaya ba ce ba biyu ba, domin yakan hau dandali da guda da yawa, kowace an ɗaure ta a muryar waƙar da za a yi da ita. Bayan rasuwarsa an yi gwanjon kayan gidansa a 1961, suka watsu. A 2017 an sayar da Gibson UB-3 ɗinsa a gidan gwanjo na Hansons a kan fam 28,500. Irin wannan samfuri ba tare da tarihinsa ba ba ya kusantar wannan kuɗi. Abin da aka saya shi ne takarda: rasiɗin gwanjon farko, hotuna, jerin hannayen da ta bi ba tare da giɓi ba. Duk wanda ya ce maka tasa ta Formby ce amma hujjarsa ita ce wai kawunsa ya faɗa, ka saya a kan farashin abar kawai, ko ka bar masa kayansa.

Wajen ƙiyasta shekaru, ƙananan abubuwa ne ke tona asiri. Sukuru mai kan gicciye, irin na Phillips, bai shiga masana'antu ba sai tsakiyar shekarun 1930, don haka ganinsa a jikin wadda aka ce ta 1925 ce na nufin an taɓa ta ko kuma ba ta kai shekarun ba. Wankan nikel yana da ɗan ɗumi, yana dusashewa ya yi rawaya-rawaya, shi ne na shekarun 1920. Wankan kurom mai sheƙi da shuɗi-shuɗi ya yaɗu ne daga baya. Fatar roba ba ta zo ba sai wajen 1957, tsirkiyar nailan kuma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin nan da hanjin dabba ake yi. A Ingila akan ga wasu an buga musu kalmar "Foreign", alamar shigo da su aka yi, yawanci daga Jamus, inda garin Markneukirchen ya shahara da ƙera kayan kiɗa. Akwai kuma Dixie, wadda jikinta duk ƙarfe ne har wuya, mutane kan ɗauka tsohuwa ce tukuf saboda siffarta, alhali ta bayan yaƙi ce.

Sai maganar gyara, inda nake ganin aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya samu tsohuwar aba, ya ga ta yi duhu, sai ya ɗauko sanfefa ya kankare fentin asali ya shafa sabo, ya kai ƙarfen a sake masa wanka, ya cire kunnuwan asali ya faɗaɗa hujin ya sa na zamani. In ya gama tana ƙyalli, amma ya goge duk shaidar da wani zai karanta bayansa, kuma darajarta a wurin masana ta faɗi warwas. Ina ganin ya kamata a raba abubuwa gida biyu. Fata da tsirkiya da jaki masu ƙarewa ne tun asali, an yi su ne don a sauya, ba laifi a sa sabuwar fatar ɗan maraƙi ko ta akuya idan tsohuwar ta yage. Fenti da tambari da ƙarfe da kunnuwa kuwa su ne jikin tarihin, a share su da tsumma mai laushi a bar su. In dole ta sa aka cire wani abu, a zuba shi a 'yar jaka a ajiye cikin akwatin, a rubuta abin da aka yi. Ko tsohuwar fatar da ta yage bai kamata a yar ba idan akwai rubutu a kanta, domin matasan shekarun 1920 sun saba sa hannu da zane-zane a fatar, abokai su rubuta sunayensu da shekara. Sau da yawa wannan rubutu shi kaɗai ne kwanan wata da ke jikin abar.

Ciwon da ya fi kashe su shi ne waya. An ƙera su ne don tsirkiyar hanji, wuyansu ba ƙarfe a ciki, sai wani ya ɗaura musu wayar ƙarfe ya jefa a ɗaki shekara arba'in. Wuyan ya lanƙwashe, layukan ƙarfen da ke kansa su cinye, zagayen ma ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Kafin ka saya, ka ɗora ido a goshi ka hango tsawon wuyan, ka auna faɗin zagayen ta fuska biyu ka ga ko sun yi daidai. Wani ciwon kuma selulod ne, robar farko da ake ado da ita. Idan ta fara ruɓewa takan tsattsage ta fitar da iska mai cin ƙarfe, sai ka buɗe akwati ka tarar da kore-kore a duk ƙarfen da ke kusa. Irin wannan a raba ta da sauran, kada a kulle ta. Saye ta intanet ba tare da hoton ciki da na gefen wuya ba cinikin biri a sama ne, kuma mai sayarwa na kirki ba ya jin haushi don an roƙe shi ƙarin hoto.

Ba na tare da masu raina na arha. Gaskiya ne May Bell da Supertone da ƙananan Houghton ba za su taɓa yin kuɗin Ludwig ba, wasunsu ma tun suna sababbi sautinsu bai taka kara ya karya ba. Amma su ne ɗalibai da ma'aikatan masana'anta da sojoji suka riƙe, su ne suka shiga gidajen da ba su taɓa mallakar abin kiɗa ba. Kuma ga mai koyo babu makaranta kamarsu, domin a jikinsu ne zai kwance ya ɗaura ba tare da fargaba ba, har idonsa ya saba da bambancin noti da noti. Wanda ya fara da mai tsada bai da abin gwadawa, dillali ne zai riƙa yi masa gani.

Wanda zai ɗauko ta daga wata ƙasa zuwa wata yana da doka a gabansa. Wasu na manya suna da ɗan hauren giwa a kunnuwa ko a bakin wuya, wasu kuma an yi allon wuyansu da katakon roswud na Barazil, wanda yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa ta sa a jerin da aka fi tsanantawa tun 1992. A Birtaniya dokar hauren giwa ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana cinikinsa, sai dai ta yi rangwame ga kayan kiɗan da aka ƙera kafin 1975 idan hauren bai kai kashi ashirin cikin ɗari ba, shi ma sai an yi rajista. Rashin takarda na iya sa jami'an kwastan su riƙe kaya. In kuma ta iso ƙasa irin tamu, fatar za ta bi yanayi: da damina ta saki, sauti ya mutu, da hunturu ta ɗaure tamau har ta iya fashewa. Kafin iskar hunturu ta kankama a sassauta ƙugiyoyin kaɗan-kaɗan, ana bi ɗaya da kishiyarta, kada a gama gefe ɗaya kafin a taɓa ɗayan.

Da an tabbatar wuya a miƙe yake kuma fata ta zauna, sai a ɗaura tsirkiyar nailan ko makamanciyarta, ban da waya. 'Yan zamani kan ɗaure a G-C-E-A, wato haruffan muryoyin tsirkiya huɗun, amma takardun kiɗa na shekarun 1920 da masu bin salon Formby sun fi son A-D-F#-B, wanda ya ɗara wancan tsayi, kuma ƙananan nan sun fi buɗe murya a kansa. Jakin ba a manne yake ba, matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi, don haka sai an nemo mazauninsa. A auna daga bakin wuya na sama zuwa layin ƙarfe na goma sha biyu, a sake auna daidai wannan tsawon daga layin zuwa kan fata, a nan jaki zai tsaya. Sai a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danne ta a layi na goma sha biyu a saurara: in muryar ta haura yadda ya kamata a ja jakin baya kaɗan, in ta gaza a turo shi gaba.